Yadda Ake Ziyartar Landan da Ɗan Guzuri

Landan ta yi ƙaurin suna wajen tsada, kuma ba sharri aka yi mata ba. Sai dai tsadar tata ba ko'ina take ba. Wurin kwana, abin hawa da abinci su ne ke lashe kuɗin baƙo. Abubuwan da suka sa mutum ya niƙi gari ya taho kuwa, mafi yawansu ba a karɓar ko sisi a ƙofarsu. Saboda haka dabarar ita ce ka toshe waɗannan kafofi uku tun kana gida, ka bar ido ya sha kallo kyauta.

Tun kafin a ɗaura jaka

Abu na farko, zaɓen lokaci. Watannin Yuli da Agusta, da makonnin Kirsimeti, su ne lokacin da masauki da tikitin jirgi ke tashin gwauron zabi. Janairu da Fabrairu sun fi sauƙi, amma araha ba ta ado: akwai sanyi, kuma yinin gajere ne. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, alhali a Yuni sai bayan 9 na dare. Ni dai a ganina Maris, ko ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sun fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Ranar Kirsimeti kanta kada ka sa ta a lissafin yawo, domin babu bas na gari babu jirgin ƙasa a ranar.

Idan fasfonka na buƙatar biza, ana iya nema tun saura wata 3 tafiya, kuma amsa kan fito cikin kamar mako 3. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, don ko kuɗin bizar ma ba a mayarwa in an hana ka. Bizar ziyara ba ta ba ka damar yin aiki ba, saboda haka kada ka tafi da tunanin za ka ɗan taɓa wani abu a can ka cike giɓi. Ka kuma yanki inshorar lafiya ta tafiya. Sashen gaggawa na asibitin gwamnati zai duba ka ba tare da biya ba, amma da zarar an ba ka gado, baƙo kan biya kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinyar. Kwana biyu a gadon asibiti sai su haɗiye guzurin gaba ɗaya har da bashi.

Daga nan sai lissafi. Ka cire kuɗin jirgi, biza, inshora da masauki gefe guda, tunda waɗannan an gama da su tun kafin tashi. Abin da ya rage ka ware kashi ɗaya cikin goma na ko-ta-kwana, sauran ka raba shi da yawan kwanakinka. Abin da ya fito shi ne kuɗin yini. Idan ka ga bai kai na abinci da abin hawa ba, to kwanakin za ka rage, ba cikinka ba. Kwana biyar cikin natsuwa sun fi kwana goma ana ƙirga tsaba.

Wani abu da kan kama mutane: idan wani ya ba ka ragowar fam da ya dawo da su shekarun baya, ka duba su da kyau. Takardun fam 20 da fam 50 na takarda zalla sun daina aiki a kantuna tun 30 ga Satumba 2022; na yanzu na roba ne masu santsi. Na fam 5 da fam 10 sun riga su fita.

Masauki

Nan ne mafi girman rami. An raba taswirar sufurin Landan shiyya-shiyya, shiyya ta 1 ita ce tsakiyar gari, lambar na ƙaruwa kana fita waje. Otal a shiyya ta 1 na masu hannu da shuni ne. Wasu kuma garin gudun tsada sai su kama ɗaki can shiyya ta 5 ko ta 6, su riƙa ɓata awa biyu a hanya kullum, rarar da suka samu ta tafi a kuɗin jirgi. Tsaka-tsakin shi ne shiyya ta 2 ko ta 3, a wurin da tashar jirgi ba ta wuce tafiyar minti goma a ƙafa ba. Kafin ka biya, ka sa adireshin a manhajar Citymapper ko TfL Go ka ga minti nawa ne zuwa Trafalgar Square. In ya wuce minti 45, sake nema.

Mafi araha shi ne masaukin haɗaka, inda gado kake haya ba ɗaki ba, kuna kwana ku huɗu, shida ko fiye. Ƙungiyar masaukan matasa ta YHA na da irin waɗannan, kuma galibi ana samun ɗakin mata zalla. Abin da za ka tambaya guda biyu ne: akwai kicin da baƙi ke girki a ciki? Akwai akwatin ajiya mai kulle? Kicin ɗin nan ya fi talabijin da labule mai kyau amfani nesa ba kusa ba, za ka ga dalili a gaba. Ka tafi da kwadonka da tawul ɗinka, don wasu wuraren haya suke ba da su.

Akwai wata hanyar da ba kowa ya sani ba. A hutun bazara jami'o'i irin su LSE, UCL da Imperial College kan ba da hayar ɗakunan ɗalibai ga baƙi. Ɗakin ba shi da ƙyale-ƙyale, amma naka ne kai kaɗai, kuma a tsakiyar gari. Idan ku biyu ne ko iyali, sai ku gwada farashin otal-otal ɗin Travelodge da Premier Inn. Kuɗinsu na hawa da sauka gwargwadon rana, wanda ya kama da wuri shi ke samun sauƙi, daren Lahadi kuma ya fi sauran arha a mafi yawan lokuta. A shafukan hayar gidaje kada farashin farko ya ruɗe ka, sai ka kai shafin ƙarshe inda ake ɗora kuɗin shara da ladan kamfani. Wanda kuma ya ce ka turo masa kuɗi kai tsaye ta bayan shafin don ya yi maka ragi, rabu da shi.

Daga filin jirgi zuwa gari

A nan ake fara yi wa aljihu illa, lokacin da mutum ya gaji, ga kaya, ga rashin sanin gari. A Heathrow allunan da suka fi ɗaukar ido na Heathrow Express ne, wanda ke kai wa Paddington cikin minti 15. A 2024 tikitinsa fam 25 ne. Layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda 'yan gari ke kira Tube, yana kai ka tsakiyar gari cikin kusan awa ɗaya, kuɗinsa kuma a shekarar bai kai fam 6 ba. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 yana tsakaninsu a kuɗi da sauri, ya kuma fi faɗi ga mai manyan akwatuna. Daga Gatwick, jiragen Thameslink da Southern sun fi Gatwick Express sauƙi alhali bambancin lokacin kaɗan ne. Daga Stansted ko Luton, bas ɗin National Express da aka sayi tikitinsa tun da wuri. Baƙar tasin nan ta Landan kuwa, ka ɗauke ta hoto kawai.

Kada ka canza kuɗi a filin jirgi sai dole. Haka kuma duk lokacin da na'urar biya ko ta cire kuɗi ta tambaye ka ko a caje ka da fam ko da kuɗin ƙasarku, zaɓi fam. Ɗaya zaɓin farashin canjin masu na'urar ne, kuma ba don kai suka tsara shi ba.

Zirga-zirga a cikin gari

Wannan sashe ya cancanci a zauna a kansa, don kullum sai ka yi hulɗa da shi.

Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Ana biya ne da katin Oyster, ko katin banki irin wanda ake ɗorawa a kan na'ura ba tare da an soka shi ba, ko waya. Tikitin takarda na tafiya ɗaya a Tube ya ninka kuɗin kati fiye da sau biyu, don haka manta da shi. Idan katin bankinka na aiki a waje kuma bankinku ba ya zabga caji, yi amfani da shi. Hukumar sufuri ta TfL tana tara tafiye-tafiyen yini ne ta cire sau ɗaya. In ba haka ba, sayi Oyster a kowace tashar Tube ka zuba masa kuɗi. Katin kansa ana biyan kuɗinsa, kuma ba a mayarwa.

Abin da ke ceton baƙo shi ne ƙa'idar iyaka. Idan kuɗin da ka kashe a yini ya kai wani adadi, sauran tafiye-tafiyen ranar kyauta ne. A 2024 iyakar shiyya ta 1 da ta 2 fam 8.50 ce, ta bas zalla kuma fam 5.25. Akwai kuma iyakar mako, daga Litinin zuwa Lahadi. Amma sharaɗin shi ne abu ɗaya za ka riƙa ɗorawa. Idan da safe ka ɗora katin, da yamma ka ɗora wayar da katin ke ciki, na'ura za ta ɗauke ku mutum biyu ne. Kada kuma ka ɗora walat ɗinka dungurungum, don tana iya cirewa daga katin da ba ka yi niyya ba.

A jirgi ana ɗora kati wurin shiga da wurin fita. Wasu tashoshin, musamman na DLR, wato ƙaramin jirgin ƙasa na gabashin Landan, ba su da ƙofar da za ta tare ka. Sai ka nemi na'urar mai launin rawaya da kanka. Wanda ya manta, kuɗi mafi yawa ake cire masa. A bas kuwa wurin shiga kawai ake ɗorawa. Kuɗin bas ɗaya ne duk nisan tafiya, fam 1.75 a 2024, kuma duk bas ɗin da ka sake hawa cikin awa ɗaya da hawan farko ba za a ƙara cire maka komai ba. Jirgi ya fi tsada daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da kuma 4 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki. Baƙon da ba ofis zai je ba, me zai kai shi cikin wannan turmutsutsu? Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biya idan suna tare da babba mai biya.

Motocin yawon buɗe ido masu buɗaɗɗen sama suna karɓar kuɗi mai kauri don su nuna maka abin da bas na gari zai nuna maka. Hau saman bas mai lamba 15 daga Trafalgar Square, ka zauna a kujerar gaba: zai bi da kai ta Fleet Street, majami'ar St Paul's, har Tower of London. Mai lamba 24 kuma yana ratsa Westminster da Camden ya dire a Hampstead Heath.

Sai ƙafa. Taswirar Tube tana yaudara, tana nuna wurare kamar da nisa alhali maƙwabta ne. Tsakanin tashar Leicester Square da Covent Garden bai kai mita 300 ba. Kafin ka sauka ƙasa ka hau jirgi ka fito, mai tafiya a ƙafa ya daɗe da isa. Ka taho da takalmin da ƙafarka ta saba da shi, da rigar ruwa ko 'yar lema.

Abin kallo

Tun Disamba 2001 manyan gidajen tarihi na ƙasa suke kyauta. British Museum, wanda aka kafa a 1753, a nan dutsen Rosetta yake, da gawarwakin Misirawan da, da tagullan Benin da har yau ake takaddamar mayar da su. National Gallery na Trafalgar Square. A South Kensington uku ne jere da juna: Natural History Museum, Science Museum da V&A. Tate Modern na bakin kogin Thames, a cikin tsohuwar tashar wutar lantarki. British Library kusa da King's Cross na da zauren da ake nuna Magna Carta, tsohuwar takardar 'yancin Ingila ta 1215, da tsofaffin rubutattun littattafan addinai. Akwatin gudummawar da ke bakin ƙofa na ganin dama ne, nune-nune na musamman ne kawai ake biya. A lokacin cunkoso ka yanki tikitin kyauta ta intanet don ka tsallake dogon layi. Ranar Juma'a British Museum da National Gallery kan kai dare a buɗe.

Shawarata, kada ka ce sai ka cinye British Museum a yini ɗaya. Tunda ba biya kake ba, shiga ka yi awa biyu, ka fita, ka dawo wata rana. Wanda ya biya kuɗi ne ke jan ƙafa har la'asar don kada ya yi asara.

Ganin gari daga sama ma ba sai ka biya kuɗin hawa katon lilon London Eye ko dogon benen Shard ba. Sky Garden da Horizon 22, wuraren kallo a saman dogayen benaye, kyauta ne, illa dai sai ka kama gurbi ta intanet makonni kafin ranar, don suna cika da wuri. In ka rasa, tudun Primrose Hill ko na Greenwich Park ba su da kuɗin shiga balle layi. Canjin masu gadi a fadar Buckingham kyauta ne, da misalin 11 na safe, amma ba kullum ba, sai ka duba jadawali. Majalisar dokoki ma, idan tana zama, kana iya bin layi ka hau benen 'yan kallo ka ga muhawara ba tare da biya ba. Ranar Lahadi kuma akwai Speakers' Corner a Hyde Park, inda kowa ke hawa abin tsayawa ya faɗi abin da ke ransa, jama'a na mayar masa.

Yadda za ka haɗa waɗannan shi ne kowace rana unguwa ɗaya. Misali, ka sauka a Westminster da safe, ka ga Big Ben, ka haye gada, ka bi gefen kogi ta South Bank a ƙafa, ka shiga Tate Modern, ka wuce kasuwar Borough, ka ƙare a Tower Bridge. Tafiya biyu kacal ka biya, zuwa da dawowa. Wata ranar South Kensington da Hyde Park. Wata kuma Greenwich, da gidan tarihin jiragen ruwa da ramin ƙarƙashin kogi da aka buɗe a 1902 don masu tafiya a ƙafa.

Daga cikin wuraren da ake biya, zaɓi ɗaya ko biyu da ranka ya fi so, ka biya ba tare da ƙyashi ba. Tower of London ya haura fam 30 a 2024, amma ga mai son tarihi ya ci kuɗinsa. Katin nan da ke haɗa wurare da yawa a farashi ɗaya ba ya biyan kansa sai ga wanda zai yi ta gudu daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ka tara kuɗin wuraren da da ma za ka je, ka gwada, kafin ka saya. Mai son ƙwallo kuma ya sani tikitin Arsenal ko Chelsea wuya gare shi ga tsada, kuma sayar da tikitin ƙwallo a bakin fili ba da izini ba laifi ne a dokar Ingila, ban da cewa na jabu sun yi yawa. Wasannin ƙananan rukuni, irin na Leyton Orient ko QPR, da na ƙungiyoyin mata, sun fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi.

Ciki

Ga amfanin kicin ɗin da na ambata. Ranar da ka sauka, nemi babban kanti irin Lidl ko Aldi, ko babban reshen Tesco ko Sainsbury's, ka sayi kayan karin kumallo da na dare na kwana uku. Ƙananan rassan da ke kusa da tashoshi sun ɗan fi tsada. Ranar Lahadi manyan kantuna awa 6 kawai doka ta yarda su buɗe, kada ka bari sai dare. Da yamma ana manna wa abincin da ya kusa ƙarewar wa'adi takarda mai launin rawaya a karya kuɗinsa. Ka lura kuma, wani farashin rangwamen da ke jikin kanta na masu katin kantin ne kawai.

Da rana, yawancin kantunan nan na haɗa sanwici, abin sha da ɗan abin taɓawa a kan kusan fam 4 a 2024. Ka ɗauka ka zauna a lambu. Ruwan famfo lafiyayye ne, gora ɗaya ta ishe ka duk tafiyar. Idan ka shiga gidan abinci ka ce ruwan famfo kake so, in ba haka ba na kwalba za a kawo a sa a lissafi. Da yawansu kan ƙara kashi 12.5 cikin 100 na hidima a takardar biya. In ka gan shi, ba sai ka ƙara wani tukuici ba.

Abinci mai daɗi da sauƙi ba a Leicester Square yake ba, yana unguwannin da mutanen gari ke ci. Whitechapel, kusa da babban masallacin gabashin Landan, cike take da gidajen abincin halal na mutanen Bangladesh da Pakistan. Edgware Road ta Larabawa ce, Southall ta Indiyawa, Peckham da Brixton kuwa na 'yan Afirka da Karebiyan. Kasuwar Borough ta kallo ce da ɗanɗano, ba ta ƙoshi ba.

Ƙananan ɓaraka

Kekunan nan masu ƙafa uku da fitilu da kiɗa da ke yawo a West End sun sha cajin baƙi kuɗin da ya fi na tasi a tafiyar minti kaɗan. Masu wasan kofi uku da ƙwallo a kan gadar Westminster kuwa, waɗanda ka ga suna ci 'yan uwansu ne. Kada ka tsaya a bakin titi da waya a hannu, masu fizge a kan keken lantarki sun yi yawa. Matsa jikin bango kafin ka duba taswira. Lambar gaggawa 999 ce, ta shawarar lafiya kuma 111.

Layin wayarka na gida kashe masa data, ka sayi ɗan layin gida irin giffgaff ko Lebara a kanti, ba a filin jirgi ba. Soket ɗinsu mai baki uku ne masu kusurwa, ka taho da mahaɗinsa. Banɗaki kyauta ne a gidajen tarihi da manyan tashoshin jirgin ƙasa.

Tsaraba ka bar ta sai kwana biyun ƙarshe, lokacin da ka san abin da ya rage. Shagunan kayan tunawa na Oxford Street da Piccadilly Circus ba wurinka ba ne. Babban kanti, Primark da shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji sun fi. Kada ka sa ran za a mayar maka da harajin kaya a filin jirgi, an soke wannan tsari tun Janairu 2021. Ka auna akwatinka kafin ka bar masauki, don kuɗin kilo ɗaya da ya ƙaru yana iya fin abin da ke cikinsa daraja.

Ranar tafiya, roƙi masaukinka su ajiye maka kaya bayan ka sallami ɗaki, maimakon wurin ajiya na tasha da ake biya a kan kowace jaka. Ka bar kuɗin jirgin komawa filin jirgi a katinka, ka tuna Heathrow a shiyya ta 6 yake. In ka isa, idan ragowar da ke cikin Oyster bai wuce fam 10 ba, na'urar sayar da tikiti ta tashar Tube za ta mayar maka da shi nan take.